Wa Ya Sare Wayar Tafkin Lukonde?

Da safiyar Litinin kifayen kogin Lukonde suka taso, ciki sama. Tarwaɗa da karfasa, har da ƙananan da yara ke kamawa da zani, duk suka yi fari fat a bakin gaɓa, wari ya hana kowa tsayawa. Kafin azahar shanun Shija makiyayi sun fara faɗuwa. Kafin la'asar an kwashi mutanen ƙauye zuwa asibiti da amai da gudawa, cikinsu har da Sikujua, jikar Mama Kidawa shugabar ƙauye, yarinya 'yar shekara huɗu. Sauran sun dawo. Ita gawarta aka dawo da ita.

Ba wanda bai san inda ruwan ya fito ba. Masana'antar sukarinmu tana da tafki a can ƙarshen gonakin rake, inda ake tara dagwalon wankin injuna kafin a tace shi. Tafkin yana da ƙofar ƙarfe da ke buɗewa cikin kogi. Kusa da ƙofar akwai akwati mai na'urar da ke lura da cikar ruwa da motsin ƙofar, daga akwatin kuma wayar faiba ta taso a binne, ta ratsa gonaki har ɗakin lura na masana'anta, daga nan labari ya wuce ofishin masu kula da muhalli a birni. Ko kaurin yatsa aka ɗaga ƙofar nan, za a gani a can. Ni Zuwena, da maigidana a sana'a Fundi Mkude, wato Gwani Mkude, mu muka shimfiɗa wayar, muka haɗa ta da na'urorin zare bayan zare.

Ranar Lahadi wayar ta yi shiru. Ranar Litinin aka same ta a tone, an sare ta da adda a tsakiyar gona.

Manajanmu Bwana Temba, wato Maigida Temba, ya tara mu a bakin ƙofar masana'anta, ya ce magana a fili take: ɓarayi sun sare waya suna neman jan ƙarfe, ɗakin lura ya makance, tafki ya cika ya tumbatsa ba wanda ya gani. Kafin yamma maganar ta zagaye ƙauye. Samari suka yi wa rumfar Kibwana ɗan gwangwan tsinke da sanduna, da ƙyar 'yan sanda suka fizge shi da rai suka kulle. Ma'aikata kuwa Shija suke zargi, don an sha kama shanunsa a cikin rake, ya kuma taɓa rantsuwa a gaban jama'a cewa sai masana'anta ta yi kuka.

Bayan an binne yarinyar, Mama Kidawa ta zo ofis da ƙasar kabari a ƙafarta. Ba ta zauna ba.

"Ni ba na son wanda aka kama don an saba kama shi," ta ce wa Bwana Temba. "Ka ba ni Mzee Ngatunga."

Mzee Ngatunga, wato Dattijo Ngatunga, mai gadin ƙofar baya ne, tsoho siriri mai ido ɗaya da rabi. Kafin ƙafa ta gaza, ya yi rabin rayuwarsa a gandun daji yana bin sawun ɓarayin hauren giwa. Bwana Temba ya yi murmushi, ya ce ai shi ma abin da yake so ke nan, a bi sawun har bukkar mai shi.

Fundi Mkude ya kamata ya raka shi, tunda shi ne babba. Sai ya ce mini, "Je ki ke, 'yata. Gwiwar nan ta tashi."

* * *

Na goya tsohon a babur muka bi ta cikin rake. Da muka isa ramin ya tsaya, ya riƙe ƙugu, ya yi tsaki.

"Kasuwa aka ci a nan? 'Yan sanda, ma'aikata, 'yan kallo. Har wani ya ci rake ya tofar. Allah ya sa ba a yi rawa ba."

Ya bar ramin ya shiga zagaye daga nesa, yana tafe yana jan sanda. Ni kuwa na duba ɓarnar da idon mai gyara. A zuciyata na ce an yi mini sauƙi, don an tona daidai gindin turken siminti, inda muka binne rarar waya a naɗe saboda irin wannan rana. Ba sai na ƙara sabuwa ba, janyowa kawai zan yi in haɗa.

"Me kike wa murmushi?" ya tambaya ba tare da ya waiwayo ba.

Na gaya masa. Ya ce, "Ɓarawo mai sa'a," ya ci gaba da jan sandarsa.

Can ya kira ni. A gefen hanyar shanu akwai sawun takalmin taya, babba, ya zo dab da ramin, ya tsaya, ya koma. Muka bi shi har rugar Shija.

Mun tarar da shi yana feɗe saniyar da ta mutu, ba don ci ba, don fatar kawai. Bai amsa gaisuwata ba.

"Sawunka na gani a bakin rami, Shija," in ji Mzee.

"Ka gani mana. Ƙafa gare ni, ba fiffike ba."

"Me ya kai ka?"

"Hanyar shanuna ce. Na ga rami, na leƙa, na ga baƙar igiyarku a sare, na ce madalla." Ya ɗago wuƙa yana nuna ni. "Na ce madalla, 'yar kamfani, ki je ki faɗa. Ban san shanuna za ta ci ba. Mzee, kai ma ka yi hankali mana. Zan zuba guba a ruwan da 'ya'yana ke sha?"

"An ce ka yi rantsuwa."

"Rantsuwar talaka! Ai da tana kamawa da tuni rakenku ya zama toka."

Mzee ya tsuguna ya taya shi riƙe fatar. Suka yi ta ja. Sai Shija ya ce, murya ƙasa, "Suna cewa tafki ya tumbatsa. Ni ina gangaren nan da shanu ranar Lahadi da rana. Na ji ƙofar nan tana kuka. Kuka take yi in ana murɗa ta, kamar akuya a hannun mahauci."

"Ka ga mai murɗawar?"

"Rake ya fi ni tsawo."

* * *

Daga nan muka wuce tafkin. Mzee ya hana ni hawa ganuwar, ya hau shi kaɗai, ya bi ta daga wannan kai zuwa wancan. Da ya sauko ya tsinko ciyawa ya miƙo mini.

"Ruwan da ya kashe saniya ya bi ta kan wannan?"

Ciyawar kore shar, a tsaye. Duk ganuwar haka take, babu inda ruwa ya kwantar da ko tsinke.

Ya daɗe a wajen ƙofar. Ya shafa abin murɗawar, ya shinshina yatsunsa. Sannan ya duƙa yana bin ƙasa da ido, daga ƙofar zuwa inda mota ke iya tsayawa.

"Mutum ɗaya ne," ya ce. "Takalminsa mai sulɓin ƙasa. Dubi yadda yake tsallake taɓo yana taka dutse. Wannan ba shi yake wanke wandonsa ba, amma yana tausayin wandon."

"Wane ne, Mzee?"

"Ke ma dai. Ƙasa tana faɗin suna ne?"

In buɗe ƙofar aka yi, to ba sare waya ya jawo ɓarnar ba. An sare ta ne don a rufe ido, a buɗe ƙofa ba wanda ya gani. Na faɗa masa haka. Ya ce shi ma kansa ya kai nan, amma mu je mu ji ta bakin ɗan gwangwan kafin mu yi gaba.

* * *

Kibwana yana zaune a ƙasan ɗakin 'yan sanda, leɓe a kumbure, ido ɗaya a rufe. Da ya ga Mzee sai ya yi dariya, dariyar ta koma tari.

"Shikamoo, Mzee," ya yi masa gaisuwar manya. "Kai ma duka ka kawo? Ka yi latti, an rabe."

"Marahaba," Mzee ya amsa gaisuwar. "Tambaya na kawo. Kai ka sare?"

"Ni? Wayar faiba?" Ya juyo gare ni. "Yaya Zuwena, don girman Allah gaya masa abin da ke cikinta."

"Gilashi," na ce. "Zaren gilashi, bai kai kaurin gashi ba. Haske ke bi ta ciki. Babu jan ƙarfe ko ɗigo."

"Ka ji! Ni da na girma a kan sikeli zan yi gumi in tona gilashi? Ban ce ni waliyyi ba ne, Mzee. Bara wani sakarai ya kawo mini guntunta, na fasa da hannuna ina neman abin kirki. Dubi abin da na samu." Ya miƙo babban yatsansa, akwai baƙin tabo a kai. "Tsinken gilashin ya shige, ba ya ganuwa, ba ya fita. Sai da aka tsaga. Tun daga ranar ko kyauta aka ba ni ba na taɓawa. Duk ɗan gwangwan a kwarin nan ya san haka. Manajanku ne kaɗai bai sani ba, ko kuma ya sani."

Mzee ya kama yatsan yana dubawa, ya daɗe.

Muna fita ya ce, "In an sare ta da adda, tsinkayen nan suna zuba a ƙasa?"

"Dole."

"Mu koma rami."

* * *

Rana tana tsaka, ita yake so. Ya kwanta rub da ciki a bakin ramin, kunci a ƙasa, yana kallon yadda haske ke bugun turɓaya. Ya sa ni ma na kwanta ta ɗaya gefen. Muka duba har wuyana ya ƙage. Gilashi ko yaya yake yana ƙyalli a rana. Ba mu ga ko ɗaya ba.

"An tattake," na ce.

"A cikin ramin ma? Wa ya shiga ya tattake?" Ya nuna da sanda. "Dubi nan, ƙarƙashin ganyen raken da ba a taka ba. An shimfiɗa buhu, ga zanen saƙarsa. A kai aka ɗora wayar aka sara. Mutumin kuma bai tsuguna ba, zama ya yi, ƙafa ɗaya a miƙe. Ɓarawo ba ya zama, 'yata. Ɓarawo ba ya shimfiɗa."

Ya rarrafa zuwa turken simintin, ya zagaye shi da yatsa. A gindinsa ta baya akwai wani ɗan dutse da ƙasar ƙarƙashinsa ba ta yi daidai da zamansa ba. Ya ɗaga shi.

Guntun baƙin salatif ne, irin wanda muke naɗe waya da shi. An ninka shi gida uku, an lanƙwasa kusurwa ɗaya an cusa ta ciki, kamar ƙunshin magani. Mzee ya buɗe a hankali da bakin wuƙa. Tsinkayen gilashi ne a manne, suna ƙyalli, an tsince su tas daga kan buhu.

Ranar farko da na fara aiki ina yarinya, na yanka zare na hure tsinken daga kan tebur. Fundi Mkude ya buge mini hannu, bugun da bai sake yi ba. Ya yago salatif ya dangwale tsinken, ya ninka uku, ya lanƙwasa kusurwa. Ya ce, "Mai shara ba ta da takalmi." Ni ban taɓa iya lanƙwasa kusurwar ba, dunƙulewa nake yi, yana yi mini dariya.

Na zauna a ƙasa.

"Hanyar shanu ce nan," in ji Mzee, kamar yana magana da kansa. "'Ya'yan Shija suna bi ba takalmi. Ya tuna da tafin ƙafarsu, bai tuna da cikinsu ba." Ya dube ni da idon nan nasa mai kyau. "Ba sai kin faɗa ba. Fuskarki ta fi turɓaya sauƙin karatu."

"Wataƙila ya daɗe a nan, tun lokacin da muka binne."

"Salatif da ya sha damina biyu yana mannewa a yatsa haka?"

Na ce, "Shi ya ɗauke ni aiki lokacin da kowa ke cewa mace ba ta hawa tsani. Shi ya tsaya mini a wajen aurena, Mzee, a madadin mahaifina."

"Na sani, na ci shinkafar. Kibwana kuma yana ɗaure, samari suna jiran a sako shi. In na ɗaga wannan a gaban jama'a, manaja zai ce salatif ne kawai, kowa yana da shi. Sai hannun da ya ninka ya sake ninkawa."

Na gane abin da yake nufi, na kuma gane wa zai yi masa aikin.

Da yamma na shiga ɗakin aikinmu. Fundi Mkude yana zaune, ƙafa a miƙe kan akwati. Ya zuba mini shayi, ya turo mini maandazi, irin fanken nan namu, a takarda. Ya rame a kwana biyun nan kamar wanda ya yi jinya.

"Kun samu wani abu?"

"Muna dai bi, Baba."

"Na haɗa miki kayan gyara. Injin haɗa zaren na goge shi." Ya gyara ƙafarsa a kan akwatin. "Kin je jana'izar?"

"Na je."

"Ni ban iya ba. Gwiwa."

Na shanye shayin na tashi.

* * *

Washegari da hantsi Mama Kidawa ta tara mu a ƙarƙashin mangwaron ofishin ƙauye. Jama'a sun cika har kan katanga. Babban ɗan sanda ya kawo Kibwana da ankwa. Shija ya tsaya can gefe da sandarsa. Bwana Temba aka ba kujera, ya shimfiɗa hankici kafin ya zauna. Fundi Mkude ya zauna a benci kusa da tebur.

Mzee Ngatunga ya fara da Shija, ya ce sawunsa ya zo ya koma, bai shiga rami ba. Ya ce Kibwana kuwa ko sawunsa babu. Wasu samari suka fara gunaguni.

"Ku da kuka fasa masa baki, kun san abin da ke cikin wayar?" ya tambaye su. "Zuwena, nuna musu jan ƙarfen."

Na ɗora guntun waya a tebur, na feɗe ta, na zaro zaren na ɗaga. Mutane suka matso suna leƙe. Sai na karya zaren, na sake karyawa, na bar tsinkayen suka zuba a bakin teburin, dab da inda yara suka yi cincirindo ba takalmi. Na juya baya kamar zan ɗauko wani abu a jaka.

"Kai, yara, ku ja baya!"

Muryar Fundi Mkude ce. Da na waiwayo ya riga ya zaro salatif daga aljihu, ya yago, yana dangwale teburin. Ya ninka uku. Ya lanƙwasa kusurwa ya cusa. Yana shirin yi mini faɗa, Mzee ya ajiye nasa ƙunshin a gefen wannan.

Fundi ya dube su. Ya dube ni. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta tsufa a gabana ba sai ranar.

"A gindin turke na same shi, ƙarƙashin dutse," in ji Mzee. "Mkude, ni da kai mun wuce shekarun ƙarya."

Fundi ya ajiye salatif ɗin a tebur.

"Ni na sare," ya ce. "Ku sake yaron nan."

Ihu ya tashi. Mama Kidawa ta ɗaga hannu, aka yi shiru. Ta matso har ta tsaya a kansa.

"Shemeji," ta ce, wato suruki, don matarsa 'yar ƙauyen ce. "Kai ka saya wa Sikujua alewa ranar kasuwa. Me ta yi maka?"

"Tafkin ya cika, Mama. Injin tacewa ya lalace tun farkon girbi. Na ce a tsayar da niƙa a gyara, aka ce ba a tsayar da masana'anta a tsakiyar girbi. Ganuwar ta fara tsatsa ta gefen gidajen ma'aikata. Bwana Temba ya kira ni ranar Asabar, ya ce za a ɗaga ƙofa kaɗan, kogi ya cika, zai wanke, ko kifi ba zai ji ba. Amma kada birni su gani, za su rufe mu. Ya ce in na ƙi, akwai samari masu takarda da ke son aikina, da gidan da nake ciki." Ya ɗago ya dubi Mama Kidawa. "Ni wayar kawai na taɓa. Ban taɓa ƙofa ba. Kaɗan ya ce mini, wallahi kaɗan ya ce."

Duk idanu suka koma kan kujera. Bwana Temba ya girgiza kai a hankali, irin na mai jin tausayi.

"Kaico, Fundi. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Ni na kira ka? Wa ya ji? Wa ya gani?"

"Ganuwar tafki ba ruwan da ya bi ta kanta," in ji Mzee. "Buɗe ƙofa aka yi. Mai buɗewar takalminsa sulɓi ne, yana tsallake taɓo, dunduniyar hagu ta fi cinyewa." Ya nuna da sandarsa, bai ɗaga murya ba. "Ɗaga ƙafarka, Bwana."

Bwana Temba ya ɗaga ƙafar da kansa, yana dariya. Takalmin sabo ne ful, ko ƙura bai sha ba.

"Rabin ma'aikatan ofis irin wancan suke sawa, Mzee. In ma buɗewa aka yi, wanda ya iya sare waya ai ya iya murɗa ƙofa." Ya juya ga ɗan sandan. "Ofisa, mutum ya amsa laifi da bakinsa. Ko turɓaya za ka kai gaban alƙali?"

Ɗan sandan ya dubi jama'a, ya dubi motar kamfani da ta kawo shi. Ya kwance ankwa daga hannun Kibwana, ya ɗaura wa Fundi Mkude.

Da za su wuce ta gabana na ce, "Baba."

Bai tsaya ba. Ya ce, "Ki goge bakin zaren kafin ki haɗa," suka sa shi a mota.

* * *

A daren nan aka yi ruwan sama, ya shafe duk abin da ke bakin ƙofar tafki. Da masu bincike suka zo daga birni, an riga an gyara injin tacewa, an yi wa ganuwa sabon faci, an dafa musu shinkafar pilau. Fundi ya maimaita maganarsa a kotu, lauyan kamfani ya tambaye shi shaida, ya ce Allah. Aka yanke masa shekarun da ba na jin zai ƙarasa. Matarsa ta kwashe kaya daga gidan kamfani, ta koma wajen danginta a ƙauyen da ba mai amsa gaisuwarta. Ni ma ba ta amsa tawa.

An mayar da Bwana Temba babban ofis a Dar es Salaam, an yi masa liyafar ban kwana. Mzee Ngatunga kuwa aka ce idonsa ya yi rauni da aikin gadi. Na raka shi tasha da ƙunshin kayansa.

"A daji," ya ce mini, "in na bi sawu na kamo mai ɗaukar haure, na san mai sayen yana birni yana shan shayi. Na ɗauka na bar wannan aikin."

Ni aka ba matsayin Fundi. Sai a lokacin na koma ramin na haɗa wayar, don umarni ya zo kada a taɓa ta sai an gama shari'a. Na janyo rarar, na feɗe, na goge, na ɗora zare a kan zare cikin injin har suka narke suka zama ɗaya. Daga nan na wuce akwatin bakin tafki, na soka kan wayar a na'ura. Fitilar ta yi ƙyafta, ta tsaya kore.

Ina rufe akwatin na ga Mama Kidawa a kan hanya, da bokiti a ka. Tun ranar nan ba ta sake ɗiban kogi ba, sai ta taka har rijiyar mishan. Ta sauke bokitin ta tsaya tana kallon fitilar.

"Ta gyaru?"

"Ta gyaru, Mama."

"Yanzu in za su sake kashe mu, za a gani a birni ke nan?"

"Za a gani."

Ta gyaɗa kai. Na kama mata bokitin ta ɗora.

"To," ta ce. "Sai su gani."